Daren Tabuka da Iskar Duwatsunmu



Ranar Talatar da ta wuce, dab da Magariba, hadari ya haɗo mana daga gabas. Duk wanda ya zauna a kan tudun nan na Jos ya san irinsa: baƙi ƙirin, gabansa da ja-ja na ƙura, tsuntsaye sun yi tsit, zafin da aka wuni ana sha ya ɗauke lokaci guda. Da na leƙa na gani sai na ce wa ladan a haɗa Magariba da Isha'i, na ɗage karatun da muke yi tsakanin sallolin biyu, na roƙi jama'a kowa ya tafi gida ya tattara iyalinsa.

Washegari bayan Asuba wani dattijo da nake ganin girmansa ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, yanzu mu da muke ɗakin Allah, iska ce za ta kore mu? Ga shi an yi iskar an gama, ko kwano ɗaya bai ɗaga a masallacin ba." Na ce, "Baba, gaskiyarka, bai ɗaga ba, alhamdu lillah." Ban ja maganar a wurin ba, don akwai mutane kuma ba na son ta zama musu. Amma daga baya wasu matasa biyu sun turo mini kusan tambayar, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya amfana.

Masallaci kam bai ɗaga ba. Amma a layin da ke gangaren dutse, ƙasa da mu kaɗan, gidaje sun kwana babu rufi, kuma wani yaro yana kwance yanzu da ɗinki a kafaɗa. Akuyarsu ce ta tsinke igiya, ya fita kamo ta, kwanon wani gida ya taso ya same shi. Allah Ya ba shi lafiya. Da aka ba ni labarin yaron nan sai hadisin Abu Humaid As-Sa'idi (RA) ya faɗo mini a rai, wanda Bukhari da Muslim suka fitar.

A shekara ta 9 bayan hijira, a tafiyar Tabuka, Manzon Allah (SAW) ya sanar da sahabbai cewa a daren nan iska mai tsanani za ta taso. Sai ya ba su umarni biyu: kada kowa ya miƙe a cikinta, kuma duk mai raƙumi ya ɗaure shi da kyau. Iskar ta zo kamar yadda ya faɗa. Wani mutum ya miƙe, ta sure shi, sai a duwatsun ƙabilar Ɗayyi'u ta jefar da shi. Duwatsun nan biyu su ne Aja da Salma, suna nan har yau a yankin Ha'il, kuma tsakaninsu da Tabuka ɗaruruwan kilomita ne. Masu sira sun ambata cewa neman raƙuminsa ne ya fitar da shi.

Mu tsaya a kan hadisin nan tukuna. Su wa aka yi wa wannan umarni? Rundunar da ta fita saboda Allah a lokacin zafi da ƙunci, Annabi (SAW) yana tsakiyarsu. In da akwai mutanen da za a ce iska ba za ta taɓa su ba saboda matsayinsu, ai su ne. Duk da haka bai ce musu su ci gaba da harkokinsu tunda yana tare da su ba. Ya ce a zauna, a ɗaure dabba. Imam An-Nawawi a sharhinsa na Muslim ya yi bayanin hikimar ɗaure raƙuman: don kada wani ya kuɓuce, mai shi ya tashi nemansa, iskar ta cutar da shi. Ka ga ke nan umarni na biyu shi ke tsare na farko. Abin da ke fitar da mutum cikin guguwa galibi wani abu ne da bai kimtsa ba tun da wuri: akuya, shanya, babur a ƙofar gida, yaron da aka aika shago. In an kimtsa tun kafin ta iso, babu mai dalilin fita.

To me ya sa nake cewa mu mutanen kan dutse mun fi buƙatar wannan darasi? Garin Jos yana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200 sama da teku, duwatsun Shere sun fi haka. 'Yan'uwanmu na Mambila, su Gembu da kewaye, sun fi mu hawa, kuma Chappal Waddi da ke can jihar Taraba, mai mita 2,419, shi ne ƙololuwa mafi tsawo a Najeriya. Haka masu zama a gindin duwatsun Mandara, daga Gwoza zuwa Mubi. Iska a irin waɗannan wurare halinta daban ne da na fili. Idan ta taho ta tarar da dutse, dole ta bi ta kansa ko ta kutsa ta tsakanin duwatsu biyu, kuma duk inda hanya ta matse sai gudunta ya ƙaru, kamar yadda ruwan tiyo ke ƙara ƙarfi in ka danne bakinsa da yatsa. Shi ya sa gidan da ke bakin kwazazzabo ko kan ƙundun tudu yake shan abin da maƙwabcinsa na bayan dutse bai sha ba. In kuma ta haye dutsen, sai ta gangaro ta ɗaya ɓarin da nauyinta, tana zuwa bugu-bugu, ta lafa kamar ta wuce, sannan ta dawo. Wannan lafawar ce take yaudarar mutane su fito.

Hadarin farkon damina, na watan Afrilu da Mayu, shi ne mafi ɓarna. Ƙasa ta ɗau zafi, girgije ya yi tsawo, iska mai sanyi ta sulmiyo daga cikinsa ta daki ƙasa ta watsu, tana gaba ruwa yana biye. Sannan ga wani lissafi da ya kamata kowane magidanci ya riƙe: idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take dukan bango da rufi da shi ninkawa huɗu yake yi. Wato mai gudun kilomita 80 a awa ta ninka mai gudun 40 sau huɗu wajen duka. Saboda haka kada ka ce ai rufina ya sha iskar bara bai motsa ba.

Duk wannan sunnar Allah ce a halittarSa. Shi Ya kafa duwatsun, Shi ke sarrafa iskar, kuma sanin yadda take tafiya ba ya rage komai daga imani da cewa umarninSa take bi. A nan ne ma zan amsa wa wanda ya tambaye ni ko sauraron hasashen yanayi na hukumar NiMet bai shiga da'awar sanin gaibu ba. Bai shiga ba. Abin da aka hana, kamar yadda ya zo a hadisin Zaid bin Khalid (RA) na Hudaibiyya, shi ne jingina saukar ruwa ga tauraro. Mai hasashen yanayi kuwa awo yake yi: zafi, laima, nauyin iska, hoton girgije daga tauraron ɗan'adam, sai ya ce bisa al'ada abu kaza ke biyo bayan wannan. Yana dacewa, yana kuskurewa. Kakanninmu ma da suke kallon gabas su ce yau akwai ruwa, irin aikin suke yi da ido. Alƙur'ani da kansa, a Suratul A'araf, ya siffanta iskoki da masu bushara kafin saukar ruwa, wato alama ce da ake karantawa. Annabi (SAW) ya san iskar Tabuka ta hanyar wahayi, mu kuma muna samun namu labarin ta hanyar awo da zato mai rinjaye, amma abin da ake yi da labarin iri ɗaya ne: a zauna, a ɗaure.

Yanzu maganar Baba, cewa muna ɗakin Allah. Wallahi na fahimci inda zuciyarsa take, son masallaci ne, kuma Allah Ya saka masa. Amma ga Abdullahi bin Umar (RA), wanda kowa ya san tsananinsa wajen bin sunna. A wani dare mai sanyi a Dajnan, wani dutse a kusa da Makka, ya yi kiran salla sannan ya sanar da mutane su yi salla a masaukansu, ya ce haka Annabi (SAW) yake umartar ladan a irin wannan dare. A ruwayar Muslim an ambaci sanyi da iska da ruwa. Abdullahi bin Abbas (RA) kuma ranar Juma'a ce sukutum, ana ruwa, ya sa ladaninsa ya ce a yi salla a gida. Mutane suka yi ta kallon juna kamar ba su yarda ba, ya gaya musu wanda ya fi shi alheri ya aikata haka, kuma ba ya son ya fitar da su suna tafiya cikin taɓo da santsi. Ashe ƙorafin da aka yi mini ba sabo ba ne, an yi wa wanda ban kai ƙurar takalminsa ba.

A mazhabarmu ta Malikiyya ma, wanda ya karanta Mukhtasar na Shaikh Khalil ya san an lissafa iska mai ƙarfi da daddare cikin uzurorin barin jam'i. Haɗa Magariba da Isha'i kuwa, malamanmu sun halatta shi saboda ruwan da yake sauka ko wanda ake sa ran saukarsa bisa alamu, ko taɓo tare da duhu. Iska ita kaɗai ba ta sa a haɗa a wurinsu, Hanabila ne suka faɗaɗa a iska mai tsananin sanyi. Mu ranar Talata saboda ruwan da ke tafe muka haɗa. Ga masu tambaya, wutiri ana jinkirta shi sai shafaƙi ya ɓace, a yi shi a gida.

In kuma akwai wanda har yanzu yake ganin alfarmar wuri tana hana iska aikinta, to ya tuna Makka. Gari ne a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi. Ranar Juma'a 11 ga Satumba 2015, da yamma, saura ƙasa da mako biyu a hau Arfa, iska da ruwa suka taso, wata ƙatuwar ƙugiyar aikin gini ta faɗo cikin Masallacin Harami. Sama da mutum 100 suka rasu, ɗaruruwa suka jikkata, har da alhazan Najeriya a cikin mamatan. Babu wurin da ya fi wannan alfarma a bayan ƙasa, kuma mutanen ibada suke yi. Muna yi musu fatan shahada, domin hadisi ya lissafa wanda gini ya faɗa wa cikin shahidai. Amma hukumomin Saudiyya ba su ce ƙaddara ce a rufe magana ba. An yi bincike, aka gano ba a sauke hannun ƙugiyar ba kamar yadda ƙa'idar aikinta ta ce a yi, Sarki Salman ya ba da umarnin a biya iyalan kowane mamaci riyal miliyan 1, daga baya kotu ta kama kamfanin da laifin sakaci. Kafin wannan, a Hajjin 1997, gobara ta tashi a Mina, iska ta kore ta cikin tantuna, sama da mutum 340 suka rasu. Bayanta ne aka sauya tantunan Mina zuwa waɗanda wuta ba ta ci, su ne farare da alhazai suke kwana a ciki yau.

Abubuwa biyu nake so a ɗauka daga nan. Na farko, a daina yanke wa wanda iska ta yi wa ɓarna hukunci. Na ji ana cewa layin da rufinsu ya tashi ai dama an san abin da ake yi a can. Subhanallah! Wa ya ba ka wannan labarin? Gaskiya ne an halaka Adawa da iska, dare 7 da wuni 8 kamar yadda Suratul Haƙƙa ta faɗa, kuma an kori rundunar Ahzab da ita a yaƙin Khandaƙ. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin yadda fuskar Annabi (SAW) take canjawa in ya ga hadari ko iska, ya shiga ya fita, sai an fara ruwa hankalinsa ya kwanta, saboda tuna abin da ya sami Adawa. Amma wannan tsoro ne da mutum yake ji wa kansa, ya sa shi istigfari. Ba a ba ka shi don ka auna maƙwabcinka ba. Layin nan a bakin mashigar iska yake, shi ke nan abin da muka sani.

Na biyu, ƙaddara ba ta wanke mai sakaci. Malaman fiƙihu sun yi magana a kan katangar da ta karkata, aka gargaɗi mai ita, ya samu damar gyarawa bai gyara ba, ta faɗa wa wani: zai biya. To ina ga mai gidan haya da aka shekara ana gaya masa katakon rufi gara ta cinye? Ina ga kafintan da aka ba shi kuɗin ƙusa ya rage rabi, ko maginin da bai bar rodin da za a ɗaure katako da linta ba? Ina ga mu kwamitocin masallatai da muke kafa rumfar kwano a harabar Juma'a a kan ƙarafan da ba a binne da kankare ba, mu ɗora lasifika da faifan sola da tankin ruwa a sama da 'yar waya? Da kaina na fara. Ranar Laraba na sa an hau rufinmu, an samu layi guda da ƙusoshinsa suka saki. Wato da Baba ya ce bai ɗaga ba, sauran ƙiris ne.

Rufi ba turo shi kawai iska take yi ba, tsotse shi take yi sama in ta bi ta kansa da gudu, kuma daga kusurwa da baki take farawa. Nan ya kamata a fi yawaita ƙusa. In ƙofa ko taga ta ɓalle ta ɓangaren da iskar ke bugowa, sai ta cika ɗakin ta tura rufin daga ciki, shi ya sa ake rufe ko'ina tun kafin ta iso. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai biyu jurewa, ga wanda zai yi sabon gini. Duwatsu da tayoyin da muke jerawa a kan kwano kuwa, in iskar ta fi ƙarfinsu, su ne ke faɗowa kan mutane. Dogayen itatuwan turare da suka yi wa ɗakin kwana rumfa, a rage musu rassa tun cikin rani.

In ta riga ta taso, a tara yara a ɗakin da ya fi ƙwari, nesa da taga. A kashe murhu da gawayi, darasin Mina ke nan, kuma dama sunna ce kashe wuta kafin barci. Wanda ta riska a waje ya nisanci bishiya da falwaya da allon talla da katangar da ba ta da ginshiƙi. In babu gini kusa, ya nemi wuri mai ɗan zurfi ya duƙa ya kare kansa, amma ban da cikin ƙorama. Wannan ya shafi makiyaya da masu fasa dutse da manoman dankali sosai, domin a ƙasar duwatsu ana iya yin ruwa a sama kai kana ƙasa ko ɗigo bai taɓa ka ba, sai dai ka ji ƙugi, ƙoramar da ka tsallaka da ƙafa ɗazu ta cika ta kawo. Ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana kayar da babban mutum, kuma yana jan ƙaramar mota. Ga kuma tsawa, wadda ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a wuri, ko bishiya ɗaya tilo ko mutum a kan tudu. In ka ga walƙiya, ka ƙirga: duk daƙiƙa 3 kafin ka ji ƙarar kusan kilomita 1 ne. In ba ka kai 30 ba, tana kusa, ka sauka ka shiga gini ko mota, kuma a jira kamar rabin awa bayan ƙara ta ƙarshe.

Direbobi, ku ma ga naku. Mai gangara Hawan Kibo ko mai hawa Mambila da doguwar mota ko lodi mai tsawo, iskar da ke bugowa ta gefe a kan kwana ba ta san ƙwarewa ba. Ka samu fili nesa da bishiyoyi da bakin rami, ka tsaya, ka kunna fitilun gargaɗi. Fasinjan da ke maka tsiya a kan ɓata lokaci, ka yi haƙuri da shi. Masu zuwa Umra kuma, in saƙon gargaɗin yanayi ya shigo wayarku a Makka, ku bar hawan Jabalun Nur da dutsen Saur a ranar. Hawan ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umra tun asali.

Harshe ma yana da nasa aikin. An hana zagin iska. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa wani mutum ya tsine mata a gaban Annabi (SAW), ya hana shi, ya bayyana masa cewa umartarta aka yi, kuma tsinuwar da ba ta samu wanda ya cancanta ba kan mai ita take komawa. Abin da ya koyar shi ne a roƙi Allah alherinta da alherin abin da ta ƙunsa, a nemi tsari daga sharrinta. Addu'ar tana cikin Sahihu Muslim daga Nana A'isha (RA), tana kuma cikin Hisnul Muslim da yawancinku kuke da shi a waya. A haddace ta, a koya wa yara, a karanta ta ana cikin ɗaki an rufe ƙofa. Kai kuma mai tsayawa a tsakar titi kana ɗaukar bidiyon kwano yana shawagi don ka sa a Facebook, ka ji tsoron Allah a kan ranka.

Bayan ta lafa, duk wayar wutar da ta faɗi a ɗauka tana da wuta, kada a taɓa ta ko ruwan da take kwance a ciki, a hana yara zuwa wurin. Kwanon da ya sauka a gidanka ko gonarka tsintuwa ce, yana da mai shi, kuma mai shi yana nan kusa yana nema. Kada in ji an kai wa 'yan gwangwan. Masu sayar da kwano da katako kuma, kun san abin da nake nufi, ba sai na faɗa ba.

Ranar Asabar bayan La'asar in sha Allahu za mu zagaya layin gangare tare da kafintoci biyu da suka ce za su yi aikin kyauta. Akwai gidan marayu guda da na wata tsohuwa da za a fara da su. Mai kwano, mai ƙusa, mai katako, ko wanda ƙarfinsa kawai yake da shi, ya same mu a ƙofar masallaci. Baba ma ya ce da shi za a je.

Wallahu a'alam.